Jiragen sama da canjin yanayi

Jirgin sama na farko mai inji ya tashi a Amurka a 1903, daƙiƙa 12 kawai ya yi a sama. A 1970 jirage sun ɗauki fasinjoji wajen miliyan 310. A 2019 adadin ya kai biliyan 4.5. Annobar korona ta tsayar da jirage da yawa a 2020, amma a 2024 zirga-zirgarsu ta zarce ta 2019.

Jirage suna da amfani. Sukan kai magani da abinci inda bala'i ya auku. Amma suna da illa.

Illar hayaƙi

Kowane kilo 1 na man jirgi da aka ƙona yakan fid da iskar kabon fiye da kilo 3. Wannan iska takan taru a sararin sama ta tsare zafi, sai duniya ta ƙara ɗumi. Jirage ne ke fid da wajen kashi 2.5 cikin 100 na iskar kabon da 'yan Adam ke fitarwa. Farin layin nan da jirgi yakan bari a bayansa, shi ma yana tsare zafi.

Wa ke hawa, wa ke shan wahala?

Wani bincike ya nuna cewa a 2018 mutum 11 cikin 100 ne suka hau jirgi a duniya, mutum 1 cikin 100 kuma shi ya jawo rabin hayaƙin jiragen fasinja. Yawancinmu ba mu taɓa shiga jirgi ba, duk da haka canjin yanayi yana taɓa gonakinmu. A 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, masana kuma sun ce ɗumamar duniya ta ƙara tsananin ruwan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Ana iya gyara. A 2023 Faransa ta hana wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama inda jirgin ƙasa zai kai mutum cikin ƙasa da awa 2 da rabi.

Don tattaunawa

Karanta Farawa 2:15.

• Wane aiki Allah ya danƙa wa mutum game da ƙasa?

• Wane canji dattawanmu suka gani a damina tun suna yara?

• Yaya ikkilisiyarmu za ta gaya wa shugabanni abin da manoma ke sha?

Mu yi addu'a domin masu mulki su yi adalci ga matalauta.