Manhaja ta tashi, taga ta ƙi fitowa

Wani matashi daga Janfalan ya aiko da tambaya. Yana rubuta wa mai shagon taki da maganin feshi manhajar lissafin kaya da Python, amma duk sanda ya kunna ta, taga ba ta fitowa, saƙon kuskure ma babu. Har ya fara shirin kai kwamfutar Zariya a sake mata Windows.

Ƙanena, ajiye kuɗin motarka. Da wuya laifin ya zama na Windows. Kafin ka taɓa ko layi ɗaya, gano abu guda: manhajar tana da rai, ko ta mutu? Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Kunna manhajar kana kallo. In sunan Python ya bayyana ya ɓace nan take, ta mutu. In ya zauna daram, tana raye, tagar ce kawai ba ka gani. Maganin wannan daban, na wancan daban.

In ta mutu, duba layin ƙarshe na fayil ɗinka tukuna. In da Tkinter ka gina tagar, ba ta tsayawa sai an kira mainloop, domin shi ne ke zana ta, ya kuma zauna jiran a danna maɓalli. In babu shi, Python zai karanta fayil ɗin zuwa ƙasa ya tashi abinsa. Abin da ke ruɗa masu koyo shi ne IDLE, manhajar rubuta Python, wanda aka gina shi yadda zai nuna taga ko babu mainloop. Sai ɗalibi ya ga komai lafiya a aji, ya kai wa mai shago abu ya ƙi. In kuma da PyQt ka gina ta, kira biyu ake bukata, show da exec.

PyQt na da wani tarko nasa. In ka ƙirƙiri taga a cikin def, ka ba ta sunan da ba ya rayuwa sai a ciki, da zarar aikin ya ƙare Python zai share ta, don a ganinsa ba mai bukatarta. Taga ta yi ƙyaftawa ɗaya ta ɓace. Ɗaura ta a jikin self, ko ka ƙirƙire ta a waje.

Batun cewa babu saƙon kuskure kuwa, ban cika yarda da shi ba. Yawanci akwai, ba a ba shi wurin tsayawa ba ne. In ka danna fayil sau biyu, baƙin allon kan rufe kafin ka karanta, in kuma fayil ɗin na ƙarewa da pyw ne, allon ba zai buɗe ba sam. Buɗe Command Prompt, rubuta python da sunan fayil ɗin, ka karanta layin ƙasa. Ka kuma tabbata ba ka raɗa wa naka fayil suna tkinter.py ba, don Python zai ɗauko naka ya bar na asali.

In tana raye, nan ne yanayin garuruwanmu ke shigowa. Da yawa sukan sa manhaja ta nemi intanet, ko ta loda rumbun bayanai, kafin ta nuna fuska. Wanda ya rubuta ta inda sabis ke da ƙarfi ba zai ga illar ba. A ƙauyukan Kudan ko Ikara, ranar da sabis ya yi ƙasa, sai ta tsaya jiran amsa, taga kuma na bayan layi. Kamar mai shago ne da ya ce ba zai buɗe ƙofa ba sai motar kaya ta iso daga Kano. Nuna taga tukuna, sannan ka nemi bayanan, ka kuma yanka wa jiran iyaka, ko da daƙiƙa 10.

Wani lokaci tagar ta buɗe, amma a wajen allo. Haka kan faru ga manhajar da ke tuna inda aka bar ta, in an taɓa haɗa kwamfutar da majigi ko talabijin. Zaɓe ta da Alt da Tab, ka danna maɓallin Windows da Shift da kibiya. In ta dawo, goge fayil ɗin da ke ajiye matsayinta. Shi wannan fayil kan lalace in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta shi, don haka koya wa manhajarka ta koma tsakiyar allo in ta kasa karanta shi.

Idan duk wannan bai yi ba, rubuta sabon fayil mai layi 3 wanda ba ya komai sai buɗe taga. In ta fito, kwamfutarka lafiya lau take, sai ka riƙa mayar da aikinka kaɗan-kaɗan har ka kama layin da ke ɓoye ta.

Kafin ka kai wa mai shagon, tambaye shi wace Windows ce a kwamfutarsa. Python 3.8 ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, daga 3.9 zuwa sama ba ya tashi a kanta.