Darasi Na 12: Bututun Hayaƙin Ƙaramin Jirgin Sama

A ƙasar Amurka, mutane da yawa sukan sayi sassan ƙaramin jirgin sama su haɗa shi a gida. Daga irin wannan jirgi aka samo Air Beetle, wanda aka haɗa a Kaduna domin horar da matuƙan Rundunar Sojin Sama ta Nijeriya, mai hedikwata a Abuja.

Mai haɗa jirgi dole ne ya kula da bututun hayaƙi, wato salansa. Zafin hayaƙin da ke fita daga inji yakan wuce digiri 700 a ma'aunin Salshiyos. Alminiyam ba shi da nauyi, amma yana narkewa a digiri 660, saboda haka bai dace ba. Baƙin ƙarfe kuwa yana yin tsatsa har ya huje. Shi ya sa masana suka fi zaɓen ƙarfe marar tsatsa.

Bayan haka, akan nisanta bututun mai da wayoyin lantarki daga salansa. Akan kuma sa bangon ƙarfe tsakanin inji da mazaunin matuƙi domin tare wuta. Idan salansa ta tsage, iska mai guba, wadda ba ta da launi ko wari, za ta iya shiga ta sumar da matuƙi. Don haka akan duba ta kafin tashi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. A ina aka haɗa Air Beetle?
2. Me ya sa alminiyam bai dace ba?
3. Wane haɗari ke tattare da tsagewar salansa?