Kafin Yaro Ya Ɗauki Akwatinsa

Karatu: Daniyel 1:3-16

Kowace shekara iyalai daga Numan, Mubi, Ganye da sauran garuruwa sukan raka 'ya'yansu zuwa Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jimeta. Akan biya kuɗin makaranta, a cika jaka da gari da ƙuli-ƙuli, amma ba kowane gida ne yake zaunar da yaro ya yi masa maganar giya da ƙwaya ba.

Girman Matsalar

Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce. A shekarar ne kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin.

A makaranta abin yakan fara da ƙanƙani. Aboki yakan miƙa taramadol a lokacin jarrabawa, wai don jiki ya jure karatun dare. Maganin ciwo ne, amma jiki yana saba da shi, ƙwaya ɗaya ta koma uku. Idan ya yi yawa yana jawo farfaɗiya, idan kuma ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi.

Darasi Daga Daniyel

Daniyel ma ɗalibi ne nesa da gida. An ɗauke shi horon shekara uku a fadar Babila, aka ajiye masa abinci da ruwan inabin sarki. Ya riga ya yanke shawara a zuciyarsa, yana kuma da abokai uku masu ra'ayi ɗaya da shi. Waɗannan biyun ne guzurin da ɗalibi yake bukata.

Aikin Iyaye

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye su ambaci ƙwayoyin da sunayensu kafin ranar tafiya, su haɗa yaron da zumuntar ɗalibai Kirista, su kuma san abokan ɗakinsa. Su lura idan roƙon kuɗi ya yawaita, sakamako ya faɗi, barci ya rikice, ko yaro ya fara gudun mutane.

Idan ya riga ya faɗa, ɓoyewa don kunya tana ƙara ciwon. Addu'a ta tafi tare da ganin likita, domin barin ƙwaya ko giya farat ɗaya yana da haɗari ga wanda jikinsa ya saba. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana ba da shawara da gyaran hali.

Tambayoyi Don Iyali

1. Me ya ƙarfafa Daniyel ya tsaya?
2. Wace amsa ɗalibi zai ba abokin da ya miƙa masa ƙwaya?
3. Wa zai fara kira idan ya yi tuntuɓe?