Me ya sa -O2 ke rikita min shiri?

Tambaya: Malam, shirin da na rubuta da C yana tafiya lafiya, amma da na sa -O2 a GCC sai ya yi ta zagaye ba tsayawa. GCC ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya laifin GCC ne. Duba ko kana gwada x + 1 > x a kan int. A ƙa'idar C, idan int mai bit 32 ya haura 2147483647, ba a fayyace abin da zai biyo baya ba. Saboda haka GCC takan ɗauka hakan ba zai taɓa faruwa ba, ta share gwajin ɗungurungum. Sake harhaɗawa da -fsanitize=undefined, ka kunna shirin, zai nuna maka layin. -fwrapv zai lafar da matsalar, amma ni na fi so ka kwatanta da INT_MAX kafin ka ƙara.