Kafin ka tambayi harsashi nawa bindiga take ci

Aikina jagorantar masu farauta da lasisi ne a yankunan da gwamnatin Kamaru ta keɓe a kewayen gandun dajin Binuwai da na Faro, kudu da Garwa. Kusan kowane baƙo da tambaya biyu yake isowa: wace bindiga ce ta fi ƙarfi, kuma harsashi nawa take ci? Ni kuwa abin da nake so in sani shi ne wadda kafaɗarsa za ta iya ɗauka.

Ga ɓauna, ma'aunin da aka saba farawa da shi shi ne .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Faɗin harsashinsa milimita 9.5, nauyinsa kusan giram 19. Ƙasashe irin su Tanzaniya ba su yarda a tunkari dabba mai haɗari da abin da bai kai shi ba. Sama da shi akwai .416 Rigby na 1911, mai giram 26, sai .458 Winchester na 1956, mai giram 32. Duk suna kashe ɓauna. Amma yadda harsashi ya ƙara nauyi, haka bindiga take ƙara shurin mai riƙe da ita, kuma wanda ta taɓa shura da kyau, jikinsa ba ya mantawa. Zai runtse ido, ya fizgi kunama, harsashin da aka nufi huhu da shi ya faɗa tumbi.

Na gani da idona. Wani baƙo ya zo da .458 sabuwa fil, bai harba ta ya kai sau goma ba. Ya sami wani ɓauna a tumbi, ɓaunan ya shige ciyawa mai tsawon da ta shanye mutum. Dattijon da ke bin mana sawu ya tsuguna, ya shafa jinin, ya ga kore-koren abinci a ciki, ya ɗago ya ce min, "Maigida, wannan jiranmu yake yi." Tun hantsi muke tafe sannu a hankali da ƙafa har la'asar sakaliya kafin muka ƙarasa shi. Dattijon nan shi ne a gaba, hannunsa ba komai sai sanda, yana da iyali a gida. Har yau abin yana ci min rai. Dabbar ma ta wuni cikin azabar da ba ta cancanta ba.

Batun yawan harsashi kuma, a yi lissafi. Ɓauna yana gudun kusan kilomita 50 a awa. In ya taso daga mita 20, bai cika daƙiƙa biyu ba ya iso. Cikin wannan, gwani ya samu harbi biyu, mafi yawan mutane ɗaya. Shi ya sa bindiga mai baki biyu, irin .470, ba ta tsufa ba duk da biyu kacal take ci: harbi na biyu ba ya jiran komai. Mai sakata tana ɗaukar uku ko huɗu a gidan harsashi da ɗaya a baki, kuma wannan ya isa. Abin da ke cin mutane shi ne sakatar da ba a ja ta ƙarshe ba saboda firgita, sai kwanso ya maƙale ko a rufe bindiga ba komai a bakinta. Akwai kuma murfin ƙasan gidan harsashi da shuri ke buɗewa, harsasai su zube a ƙafarka.

Irin harsashin ma a kula. Na farko mai taushin kai, wanda ke buɗewa cikin huhu. Mai ƙarfin kai yana iya ratsa ɓauna ya sami wani a bayansa cikin garke.

'Yan'uwana maharban gargajiya, don Allah kar a ɗana wa dorina ko ɓauna harbi-ka-ruga. Rauni kawai take yi musu, kuma masunci ko mai wanki a bakin kogi ne zai gamu da dabbar gobe. In tana ɓarna a gona, a kai wa jami'an gandun daji.

A sansaninmu yanzu, duk baƙon da ya sauka sai ya cika bindigarsa taf, ya tsaya a tsaye, ya harba harsasan duka cikin faifai a mita 50 ina kallon idonsa. Wanda ya runtse, .375 ɗina nake miƙa masa washegari.