Koyon Gyaran Mota a Gida: Inda Mai Mota a Jibiya Zai Fara

Abubuwa uku ne ke cinye motar da ke zirga-zirga tsakanin Katsina, Jibiya da Maraɗi: ƙura, zafi da gurɓataccen mai. Yawancin matsalolin da ke tsayar da mota a hanya daga ɗayansu suke farawa, kuma ana iya tare su tun a tsakar gida. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kayan gyara da ladan bakanike suka bi sahun farashin mai. Ga shi kuma halin tsaro a yankin ya sa ba wanda ke son magariba ta riske shi da murfin inji a buɗe a gefen titi. Koyon gyaran yana da tsari: daga dubawa ake farawa, sai canza ƙananan kaya, buɗe inji shi ne na ƙarshe.

Kayan aikin farko ba su cika akwati ɗaya ba: jerin sifana daga lamba 8 zuwa 19, sukudireba mai baki da mai tauraro, filaya, sifanar fulogi, jak, ƙafafun ƙarfe biyu na tallafe mota, da mitar gwada batir. Sai littafin rubutu, wanda za a riƙa sa kwanan wata da kilomita na duk abin da aka canza. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, ko mai amfani da fetur ta Turai daga 2001, tana da soket na OBD a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya tana karanta lambar matsalar da ta kunna fitilar gargaɗi.

Filtar iska ce darasin farko. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya kamata a buɗe ta duk mako biyu, a kakkaɓe ta a hankali, a ɗaga ta saitin rana. In haske ba ya ratsa takardar, ta gama aiki. Wanke ta da ruwa ko hura ta da iska mai ƙarfi a wurin mai faci yana yaga ta, ƙurar da ta wuce kuwa tana goge ringi da bangon silinda tamkar sanfefa.

Batun fetur ya fi tsanani a garin iyaka irin Jibiya. A watan Nuwamban 2019 gwamnatin tarayya ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, jama'a da yawa suka koma ga 'yan bumburutu. Man galan da jarka yakan zo da yashi, tsatsa, wani lokaci da ruwa. Idan dole ta sa, a zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya natsa: ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa. A tace shi da tsaftataccen ƙyalle, a riƙa canza filtar mai da wuri. Kada kuma a saba tafiya da tanki a bushe, domin a motoci masu injekta fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke cikin tanki.

Baƙin mai ana duba shi da safe, mota na tsaye a wuri mai daidai. A zaro geji, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomi biyu da ke jikin gejin. A ƙasa mai ƙura, canza shi tare da filtarsa a kowace kilomita 5,000 ya fi kwanciyar hankali. Kaurin da littafin motar ya ambata shi za a bi, a guji man awo da ba a san asalinsa ba.

A wajen ruwan lagireto ne aka fi yin ɓarna. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma da zarar gejin zafi ya hau, maganin da aka saba bayarwa a gareji shi ne a cire tamosta a sa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye. Wannan rufe ciwo ne da tsumma. An ƙera inji ya yi aiki a kusan digiri 90. In aka cire tamosta, yakan daɗe bai kai wannan zafin ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur, baƙin mai ya gurɓata, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ainihin ciwon yakan kasance toshewar lagireto, murfin da ya saki, famfon ruwa da ya gaji, ko fankar da ta mutu. Toshewar kuwa ruwan rijiya da na burtsatse ne ke kawo ta, domin suna barin farin datti da tsatsa a cikin siraran bututu. Ruwan sanyaya inji na galan, mai launi, shi ya dace. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Tafasasshen ruwan da ke tsartuwa yana saɓule fatar fuska.

Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 mota na kashe, sannan 13.5 zuwa 14.5 inji na aiki. Ƙasa da haka, a duba altaneta da fanbel. Wajen kwancewa, da kan da ke da alamar ragi ake farawa, shi ne kuma na ƙarshe wajen ɗaurawa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi fashewa take jira, ko da zanenta bai cinye ba.

Kafin a taɓa birki ko a shiga ƙarƙashin mota, akwai ƙa'idar da ba ta da sassauci: jak ɗagawa yake yi, ba a dogara da shi. A sa ƙafafun ƙarfe, a tokare tayoyi da dutse, a shimfiɗa katako mai kauri in ƙasar yashi ce. Bulon siminti yana farfashewa ba gargaɗi. Ba a zuƙo fetur da baki, ba a kuma barin inji na aiki a rufaffen wuri. Faifan birki ɓangare ɗaya ake kwancewa, ɗayan ya zama abin kallo, kuma bayan an ɗaura sai an taka birki sau da yawa ya yi tauri kafin mota ta motsa.

Sabunta inji sai hayaƙin salansa ya nuna buƙata. Shuɗi na nufin inji na shan baƙin mai, baƙi na nufin fetur ya yi yawa, fari mai kauri tare da mai da ya koma kamar madara alamar lalacewar gaskit ce. Tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun fi daɗin koyo, domin komai a fili yake. Sabon shiga ya nemi gogaggen bakanike ya tsaya masa a karon farko, ya biya shi ladan koyarwa.

Idan za a buɗe inji, a ɗauki hoto da waya kafin a kwance kowane abu, a zuba notuna a ledoji masu suna, a jera fistin bisa lambarsa. Aikin a ɗaki mai daɓen siminti ake yin sa, nesa da iska. Gyaran karanshaf da faɗaɗa silinda na masu injin sassaƙa ƙarfe ne, ba na gida ba. Mai zuwa sayen kaya, ko a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya tafi da tsohon da aka cire da lambar shasi. Notunan kan inji daga tsakiya ake ɗaure su zuwa gefe, a matakai, da sifana mai awon ƙarfi, kuma alamomin taimin sai sun hau daidai kafin a juya inji da hannu sau biyu. Bayan ya tashi, a yi kilomita 1,000 na farko ba gudu ba lodi mai nauyi, sannan a zubar da baƙin man da filtarsa a sa sababbi.