Motar kaya mai caji: ina kuɗin gyaranta yake ɓuya?

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, da yawanku ke tambayata ko a sayi motar kaya mai caji don kai ƙwai da kifi kasuwa.

Hidimarta ta yau da kullum kaɗan ce: babu juyen baƙin mai, babu fulogi, birki ma yana daɗewa. Abin da ya fi tsayar da ita shi ne ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota. Idan ya mutu ba za ta tashi ba, ko da babban a cike yake. Wannan da sauƙin kuɗi. Tayoyi kuwa suna saurin cinyewa, don tana da nauyi tun kafin ka loda mata buhunan abincin kaji.

Babban batirin, nan fa gizo ke saƙar. Zafi irin namu da yawan cajin gaggawa suna rage masa ƙarfi. Garantinsa a Turai yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, kuma 'yar Kwatano sau da yawa ta kusa cinye shi kafin ta iso. Canza shi zai iya lashe duk rarar da ka yi a kuɗin mai. Ni dai ba zan biya ba sai an gwada lafiyarsa da na'ura a gabana.

Wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa, kada bakaniken bakin titi ya taɓa su. Kafin ka saya, tabbatar akwai wanda ya iya gyaranta a garinku.